Wai VPN da Tor tarkon gwamnati ne? Mu yi zargi, amma da ido buɗe

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu, a fada wajen shayi, a gurup-gurup na WhatsApp, har a bakin waɗanda suka yi karatu mai zurfi. Wai duk manhajojin nan da ake cewa suna ɓoye mutum a intanet, su VPN, su Tor, su Signal, yaudara ce. Wai hukumomin leƙen asiri ne suka ƙera su suka watsa a duniya, don duk mai abin ɓoyewa ya kawo kansa da ƙafarsa. Kamar yaro ya zuba gero a bakin tarko, ai ba don kurciya ta ƙoshi ya zuba ba.

Ni dai ban ga laifin mai wannan zargin ba. Yana da hujja, kuma hujjar ta fi ƙarfin yadda shi kansa yake zato. Inda muka rabu da shi shi ne ƙarshen da yake kai maganar: tunda komai tarko ne, a bar komai, ko a yi shiru, ko a ci gaba da yadda aka saba. Wannan ƙarshen ya fi cutar da mu a kan duk wani tarkon da aka taɓa ɗanawa, domin yana sa mu tsaya muna hangen Washington alhali ƙofar ɗakinmu a buɗe take.

An taɓa yi, ba sau ɗaya ba

Mu fara ba mai zargi haƙƙinsa. A ƙasar Suwizalan akwai wani kamfani mai suna Crypto AG da ya yi shekaru yana sayar wa gwamnatoci na'urorin kulle saƙonnin sirri. Ƙasashe fiye da 120 suka saya, ciki har da Iran, Masar, Libiya da Ajantina. Kowa ya sakankance, tunda Suwizalan ƴar ba-ruwanmu ce. Sai a Fabrairun 2020 jaridar Washington Post da tashar ZDF ta Jamus suka tona cewa tun 1970 hukumar CIA ta Amurka da takwararta BND ta Jamus ne suka mallaki kamfanin a ɓoye. An raunana makullin da gangan. Gwamnatoci suna biyan kuɗinsu don a riƙa karanta sirrinsu.

Na biyu ya fi kusa da zamaninmu. Daga 2018 zuwa 2021 an riƙa sayar da wasu wayoyi masu manhaja mai suna ANOM a tsakanin masu fataucin ƙwaya da makamai. Ba a samunta a kasuwa, sai wani ya gabatar da kai, abin da ya ƙara mata kwarjini ke nan. Ashe hukumar FBI ce ke tafiyar da ita tare da ƴan sandan Ostareliya. Wayoyi kusan 12,000, saƙonni kimanin miliyan 27, duk suna wucewa ta gaban jami'ai. A Yunin 2021 aka yi kame, mutane fiye da 800 suka shiga hannu.

Ba gwamnati kaɗai ke wannan wasan ba. A 2013 Facebook ya sayi wani kamfani mai suna Onavo, mai VPN na kyauta da ke alƙawarin kare bayanan mutum. A zahiri yana kai wa Facebook rahoton manhajojin da mutane ke amfani da su da tsawon lokacin da suke ɗauka a kai. A 2018 aka cire shi daga rumbun manhajojin Apple, a 2019 aka rufe shi.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. A Oktoban 2021 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto a kan wani ɗan gwagwarmayar kare haƙƙin ɗan'adam a Togo, nan kusa da mu. A ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020 wata baƙuwar lamba ta riƙa tuntuɓarsa ta WhatsApp, tana lallashinsa ya saka wata manhajar hira wai don su yi magana cikin sirri. Manhajar ta leƙen asiri ce. Da ya saka, da an samu damar kunna kyamararsa da makirufonsa, a kwashe hotunansa, a karanta saƙonninsa.

Saboda haka wanda ya ce ana ɗana tarko da sunan tsaro bai yi ƙarya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kuma a ƙasar da sojojin Faransa suka zauna har ƙarshen 2023, Amurka kuma ta riƙe sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas har 2024, ba abin mamaki ba ne matashi ya kalli duk abin da ya fito daga can da ido ɗaya.

Amma ku sake duba labaran nan huɗu, akwai abin da ya haɗa su. Dukansu a rufe suke, ba wanda aka bari ya leƙa cikinsu ya ga yadda aka ƙera su. Dukansu hannu ɗaya ke riƙe da su, kamfani ɗaya ko mutum ɗaya. Dukansu da amana aka sayar da su: ka yarda da mu kawai. Wannan ita ce kamannin tarko. Wanda ya riƙe kamannin nan a ka zai iya rarrabe maciji da tsumma.

To Tor fa, ba sojan Amurka ne suka yi shi ba?

Su ne, kuma ba a taɓa ɓoye hakan ba. A tsakiyar shekarun 1990 masu bincike a cibiyar rundunar sojin ruwan Amurka, Paul Syverson da Michael Reed da David Goldschlag, suka fito da dabarar. A 2002 Syverson da Roger Dingledine da Nick Mathewson suka fara Tor ɗin da muka sani, a 2006 aka kafa ƙungiya mai zaman kanta da ke kula da shi. Shekaru da dama mafi yawan kuɗin tafiyar da shi daga hukumomin gwamnatin Amurka yake fitowa, kuma ƙungiyar da kanta take wallafa lissafin. Duk wanda ya tura maka vokal yana cewa ya bankaɗo asirin Tor, abin da ke rubuce a shafinsu ya karanta maka.

Abin tambaya shi ne, me ya sa soja za su ƙera abu irin wannan su sake shi ga kowa? Amsar tana cikin yadda yake aiki. Sunan Tor daga albasa ya samo asali, kuma mu da muke da albasar Galmi ba sai an yi mana dogon bayani ba: ɓawo a kan ɓawo. Saƙonka ana naɗe shi cikin kulli uku, ya bi ta kwamfutoci uku kafin ya isa. Ta farko ta san daga ina ka fito, amma ba ta san inda za ka ba. Ta ƙarshe ta san inda saƙon za shi, amma ba ta san wanda ya aiko ba. Ta tsakiya ba ta san ko ɗaya ba. Kwamfutocin nan dubbai ne, masu sa-kai ke riƙe da su a ƙasashe daban-daban.

Yanzu ku ɗauka jami'an Amurka kaɗai ke bin wannan hanyar. Duk wanda aka gani a kanta, an san ɗan leƙen asiri ne, magana ta ƙare. Mutum ɗaya mai rawani a fili ba ya ɓacewa, sai a cikin taron idi. Don su ɓuya, dole su bar ɗan jarida da ɗalibi da ɗan kasuwa da mai laifi su cika hanyar. Kuma in suka bar wata ɓoyayyiyar ƙofa don kansu, Sin da Rasha ma za su iya gano ta su bi ta nan su kama nasu mutanen. Ba alheri ne ya sa suka buɗe shi ba, buƙatarsu ce ta zo daidai da ta wasu.

Na biyu, rubutun da aka gina Tor da shi a fili yake. Duk mai ilimin kwamfuta, daga Jamus ko Indiya ko jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, zai iya sauke shi ya bi layi-layi. Fiye da shekara ashirin masu bincike suna neman aibinsa, domin wanda ya gano babban rami ya yi suna. Suna samun kurakurai, ana gyarawa a bainar jama'a. Crypto AG da ANOM ba su taɓa shiga irin wannan jarrabawar ba.

Na uku, a 2013 Edward Snowden ya fitar da takardun sirri na hukumar NSA. A cikinsu akwai bayanin da jami'an suka shirya wa junansu, ba don mu gani ba, suna kukan cewa ba za su iya tona asirin duk masu amfani da Tor a kowane lokaci ba, sai ɗan ƙaramin kaso, shi ma da wahala. Mai tarko ba ya zama a ɗakinsa yana ƙorafin tarkonsa ya hana shi kamu. A 2014 ma'aikatar cikin gidan Rasha ta sa ladan rubul miliyan 3.9 ga wanda zai nemo hanyar fasa shi, a ƙarshen 2021 kuma ƙasar ta koma toshe shi, kamar yadda Sin da Iran suke yi.

Wannan ba ya nufin Tor layar zana ce. Masu shi da kansu sun faɗa tun farko: wanda ke iya sa ido a mashiga da mafita lokaci guda zai iya haɗa lissafin lokaci ya gane mutum. An taɓa yi. A 2014 masu bincike na jami'ar Carnegie Mellon sun yi watanni suna kai hari a kan hanyar, bayanan da suka tara suka ƙare a hannun FBI. Amma a bambance gida mai katangar da ɓarawo gwani zai iya haurawa da gidan da ɓarawon ne ya gina shi ya ba ka haya.

Kuma mafi yawan waɗanda aka kama, ba katangar aka haura ba. A Disamban 2013 wani ɗalibin jami'ar Harvard ya aika saƙon ƙarya cewa an dasa bam, don ya kauce wa jarrabawa. Ya bi ta Tor, amma da intanet ɗin jami'ar, wanda ya shiga da sunansa. Sai kawai aka duba su wa suka hau Tor a wannan safiyar, aka je aka tambaye shi, ya amsa laifinsa. Mai kasuwar ƙwayoyi ta Silk Road, da aka kama a 2013, tun farko ya taɓa ajiye adireshin Gmail mai ɗauke da cikakken sunansa a wani dandali. Baki shi ke yanka wuya.

VPN: nan ne zargi ya fi dacewa

Abin mamaki, wanda muka fi sakin jiki da shi shi ne ya fi cancantar a zarge shi. VPN ba ya ɓatar da kai, amana kawai yake canja wa hannu. Kafin ka kunna shi, kamfanin layinka, Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms, yana ganin shafukan da kake ziyarta. Bayan ka kunna, kamfanin layin ya daina gani, mai VPN ya fara gani. Tambayar ita ce: wane ne shi? A wace ƙasa yake? Wa ke biyan kuɗin manyan kwamfutocinsa, tunda kai ko dala ba ka ba shi ba? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

A 2016 masu bincike, ciki har da na hukumar kimiyya ta Ostareliya, CSIRO, sun gwada manhajojin VPN 283 na Android. Kashi 18 cikin ɗari ba sa kulle bayanan ma sam. Kashi 38 cikin ɗari an ga alamar muguwar manhaja a jikinsu. A 2015 an gano VPN na kyauta mai suna Hola yana sayar wa wasu damar bi ta intanet ɗin masu amfani da shi, wato baƙo ya yi abin da ya ga dama da adireshinka, in ta ɓaci kai za a nema.

Mu kuma yaushe muke saka VPN? Ranar da aka toshe wani abu, cikin gaggawa, wanda ya fara fitowa a Play Store ko wanda aboki ya tura. Haka maƙwabtanmu na Cadi suka yi lokacin da aka rufe musu shafukan sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019. Haka ƴan Najeriya suka yi da aka dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A irin wannan ranar VPN yana da amfani, yana zagaye shinge. Amma zagaye shinge daban, ɓoye fuska daban. In ka kunna VPN ka shiga Facebook da sunanka da hotonka, wa ka ɓoye wa? Kuma ranar da aka yanke intanet ɗin waya gaba ɗaya, kamar yadda aka yi mana kimanin kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairun 2021, ba VPN ɗin da zai yi maka komai. Ba a zagaye hanyar da babu ita.

Wa ke nemanka, kuma ta ina zai biyo?

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, mu faɗa wa juna gaskiya. Kai da ke Maraɗi ko Damagaram ko Tawa kana rubutu a kan tsadar hatsi, ko ɗaukewar wuta, ko kuɗin wani aiki da aka ce an yi ba a gani ba, da wuya a ce NSA ce damuwarka ta farko. Wanda zai neme ka yana kusa, kuma ba ya buƙatar fasa albasa mai ɓawo uku.

Layin wayarka da katin ɗan ƙasarka aka yi masa rajista. Kira na yau da kullum da gajeren saƙo na SMS ta cikin na'urorin kamfani suke bi, ba kullin da ya hana a ji ko a karanta, kuma eriya ta san unguwar da kake. A Mayun 2020 majalisar dokoki ta amince da dokar da ta ba da damar sauraren sadarwar mutane da sunan tsaron ƙasa, ikon ba da izinin kuma yana hannun shugaban ƙasa. Dokar laifukan intanet ta Yulin 2019 ita ce aka yi amfani da ita a Yunin 2020 aka tsare ƴar jarida Samira Sabou kusan mako bakwai a gidan kaso, saboda rubutun Facebook a kan binciken kuɗin ma'aikatar tsaro. A 2022 aka cire hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi ta intanet. A Yunin 2024 aka dawo da shi: shekara 1 zuwa 3 a kan ɓata suna, shekara 2 zuwa 5 a kan yaɗa abin da aka ce zai iya dagula zaman lafiyar jama'a, ban da tarar miliyoyin sefa.

Ku lura da shekarun nan da kyau. Sun ratsa mulkin farar hula da na soja. Wanda ya yi wa doka tafi jiya don tana cizon abokin hamayyarsa, yau ita ce a ƙofar gidansa. Shi ya sa maganar kare sirri ba ta ɓangare ba ce. Ko wa kake goyon baya, kujera juyawa take, wayarka kuma tana nan a aljihunka.

Sai kuma ramukan da muke haƙa wa kanmu. Mutum nawa a cikinmu ke amfani da GB WhatsApp ko danginsa, don ya karanta saƙon da aka goge ko ya ɓoye cewa yana kan layi? Ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, ba wanda ya san ainihin masu su, ba a Play Store ake samunsu ba, daga waya zuwa waya ake turawa. Ku tuna kamannin tarko da muka faɗa a sama, sannan ku sake kallonsu. A 2021 kamfanin tsaro na Kaspersky ya gano muguwar manhaja mai suna Triada a cikin FMWhatsApp. Sai ka ga mutum yana gargaɗin jama'a a kan Signal, alhali da GB WhatsApp ya tura gargaɗin, a wayar Android ta Google, kamfanin Amurka.

Mutum nawa ne mai shagon tura fina-finai ya buɗe musu Gmail da Facebook, kuma har yau kalmar sirrin da ya zaɓa musu suke amfani da ita? Mutum nawa ke barin waya ba kulle a wajen mai caji ko mai gyara, yini guda? Gurup mai mutum ɗari biyu, ka san su duka? Kullin WhatsApp na gaske ne, tun 2016 da tsarin Signal yake aiki, saƙo daga wayarka sai wayar wanda ka aika wa. Amma kulli ba ya hana ɗan gurup ɗaukar hoton allo ya kai inda ya ga dama. Ba ya hana a tura vokal ɗinka, da muryarka da karin harshen garinku, har ya isa kunnen da ba ka nufa ba. Da ɗan gari kan ci gari.

Telegram ma da wasu suka ɗauka mafaka ce, hirarsa ta yau da kullum da gurup-gurup ɗinsa ba su da irin wannan kullin, kamfanin yana riƙe da makulli. Bayan kama mai shi, Pavel Durov, a Faransa a Agustan 2024, kamfanin ya sanar cewa zai iya miƙa lambar waya da adireshin intanet na wanda ake tuhuma in hukuma ta nema bisa doka. Signal kuwa, da kotun Amurka ta nemi bayanan wasu masu amfani da shi a 2016, abin da ya iya bayarwa biyu ne: ranar da aka buɗe asusu da ranar ƙarshe da aka hau. Sauran bai ajiye ba, balle a ƙwata. Shi ma ya taɓa karɓar tallafin wata gidauniya da gwamnatin Amurka ke ba kuɗi, kuma shi ma rubutunsa a buɗe yake.

Wa ke cin ribar "komai tarko ne"?

In da ni ne mai son sauraren mutane, ba abin da zai fi mini daɗi kamar jama'a su yarda cewa duk kariya banza ce. Kashi ɗaya za su ce tunda ana gani ko ta yaya, bari mu ci gaba da kira a layi da tura komai a gurup. Waɗannan sun sauƙaƙa mini aiki. Kashi na biyu za su tsorata su yi gum. Waɗannan ma sun gama mini aiki, ban kashe ko sisi ba. Ma'aikacin da ya ga ana karkatar da kayan agaji zai haɗiye maganarsa. Yarinyar da wani ke yi wa barazana da hotunanta ba za ta san ta inda za ta nemi taimako ba tare da asirinta ya ƙara tonuwa ba. Ɗan jarida ba zai sami mai ba shi labari ba, domin ba wanda zai yarda zai iya rufa masa asiri.

Wani zai ce, in ba ka da laifi me kake ɓoyewa? Wannan tambayar ba ta Bahaushe ba ce. Mu ne masu zaure, masu labule, masu sallama sau uku kafin a shiga gida. Ba wanda ya taɓa cewa mai katanga ɓarawo ne. Wani kuma zai ce ƙasa tana cikin yaƙi, ga Tilaberi, ga Diffa, ga masu satar mutane a kan iyakar Maraɗi, dole hukuma ta sa kunne. Gaskiya ne, kuma ba mai hankalin da zai hana a bi sawun mai kashe mutane. Abin da muke nema shi ne a san wa ake saurare, da izinin wane alƙali, na tsawon wane lokaci, kuma wa zai binciki mai sauraren in ya wuce gona da iri. In babu wannan, kayan da aka tanada don ɗan ta'adda a kan mai sukar magajin gari suke ƙarewa.

Mu ma akwai namu nauyin. Ɓoye suna ba lasisin ƙazafi ba ne. Masu buɗe shafukan bogi suna zagin iyayen mutane, suna yaɗa hotunan ƴaƴan wasu, suna ƙirƙiro labarin hari don tada hankali, su ne ke ba masu son toshe bakin kowa hujja. Wanda ya ɓoye fuskarsa don ya faɗi gaskiyar da za ta iya kai shi kaso daban, wanda ya ɓoye don ya yi jifa daban.

Tambayoyi huɗu kafin ka saka kowace manhaja

Ta ina ta zo hannunka? In wani ne ya turo maka fayil ko mahaɗi yana cewa saka wannan mu yi magana a asirce, tsaya. Ko da abokinka ne, domin shi ma wani ya tura masa. Ka je rumbun hukuma ko shafin masu ita da kanka.

Wa ke iya leƙa cikinta? Ba sai kai ka iya karanta rubutun kwamfuta ba. Ya isa ka san a buɗe yake, kuma masana da ba sa ga-maciji da juna sun duba.

Me take ajiyewa a kanka? Abin da ba a ajiye ba, ba a ƙwace shi, ba a sace shi, ba a sayar da shi.

Da me take cin abinci? In ba ka ga inda kuɗinta ke fitowa ba, akwai yiwuwar kai ne hajar.

Sannan ka gyara na kusa, wanda bai kai kuɗin forfe ɗaya ba. Ka sa wa wayarka lambar kulle mai tsawo, ba shekarar haihuwarka ba. Ka canja kalmar sirrin da wani ya zaɓa maka. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, don kada a sace maka asusu da lambar da ake turowa ta SMS. Ka kunna saƙonni masu gogewa da kansu a hirar da ke da nauyi. In wayar ta nemi sabuntawa, ka bari ta yi, domin ta ramukan da ba a toshe ba manhajojin leƙen asiri irin su Pegasus suke shiga, kuma in sun shiga wayar kanta, ba kullin da zai yi amfani. Ka cire GB WhatsApp yau, ba gobe ba. Abin da ka san ba za ka iya maimaitawa a gaban alƙali ba, kada ka faɗe shi a gurup ɗin da ba ka san kowa ba. Wata maganar kuma ba ta waya ba ce sam, ta ƙafa ce: ka tashi ka je ka same shi.

Ba wanda zai iya yi maka rantsuwa cewa wata manhaja ba za a taɓa fasa ta ba, kuma duk wanda ya yi maka wannan rantsuwar, shi ya kamata ka fara zargi. Abin da ke hannunmu shi ne mu sa bin sawunmu ya yi tsada, ya yi wahala, ya zama sai da dalili. A ƙasar da matasa suka fi kowa yawa, in kowane ɗayanmu ya rufe ƙofa ɗaya daga cikin waɗanda ya bari a buɗe, mai son sauraren kowa da kowa sai ya zaɓa, in ya zaɓa kuma sai ya yi bayani.

Ku kai maganar nan fada yau da dare. Ku karɓi wayoyin juna, da izinin masu su, ku duba wa ke da kulle, wa ke da manhajar da ba a san asalinta ba, wa har yanzu mai shago ke riƙe da makullin asusunsa. Wanda ya iya ya koya wa wanda bai iya ba, musamman iyayenmu da ƙannenmu mata. Allah ya rufa mana asiri, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.